Suna a Kan Katakon Wanka

Bagudo,
Asabar, 3 ga Mayu.

Zuwa ga ɗiyata Mashkura,

Tun kafin gaisuwa ina gargaɗinki: kada ki ɗauki waya ki kira ƙanenki Saifuddeen sai kin kai ƙarshen wannan takarda. In kuma kin kira shi, kada in ji kin ce masa ba komai. Akwai komai. Na san halinki da shi tun kina goya shi, kuma lallashin nan naki yana cikin abubuwan da suka kawo mu inda muke.

To, assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da ƙawata, jikata Saratu. Ya zafin Birnin Kebbi, ya aikin asibiti? Mu nan lafiya lau, sai gwiwar nan tawa da ba ta bari in yi sujada yadda nake so. Na rubuto ne in ba Ango direba ya kawo miki, don wayar garin nan yankewa take yi, ke kuma ba kya bari mutum ya kai ƙarshen magana.

Kin san shekara guda ke nan injin sassaƙar nan mai aiki da kwamfuta yana zaurenmu. Ke kika tsaya wa yaron har babanku ya yarda aka shigo da shi daga Kwatano. Na haƙura da ƙararsa da ta janareto, na haƙura da garin katakon da nake tsinta har a murfin tukunya. Na haƙura ne don na ga yaron ya zauna wuri ɗaya. Kuma ba zan ɓoye ba, aikin yana kyau. Sai ya zana abu a kwamfuta, ya ɗaure katako a kan teburin injin, bakin ƙarfen ya yi ta kai da komo shi kaɗai har abin ya fito sumul. Madam Olufunke mai masaukin baƙi a hanyar iyaka ita ta fara sa shi yin kayan banɗaki, da sunan masaukinta a jikin kowane ɗaya. Daga nan duk wanda ya gina banɗaki irin na zamani sai ya nemo zaurenmu.

Watan jiya Alhaji Arzika na Bahindi, abokin babanku tun suna kai albasa kasuwa tare, ya aurar da ɗansa Abdulganiyu. Amaryar sunanta Fatiha. Ya gina musu ɗaki mai banɗaki a ciki, ya ce Saifuddeen ya yi musu kaya na katakon maɗaci, a sa sunayen ango da amarya. Guda bakwai ne: gidan madubi, mazubin sabulu, maratayin tawul, ’yar kanta ta soso, mazaunin buta, kujerar alwala, da katakon nan mai rariya da ake tsayawa a kai lokacin wanka don kada santsi ya kwashe mutum. Aka gama, aka kai, kowa ya yaba.

Kwana tara da tarewa, Hajiya Kubura, mahaifiyar Alhaji, ta je ganin ɗakin amarya. La’asar ta yi, ta shiga yin alwala. Ta zauna a kan kujerar, ta sunkuya za ta wanke ƙafa, sai ta ga rubutun Larabci a kan katakon da ta taka. Tsohuwar ta yi karatu, ta karanta: Abdulganiyu. Ta tashi ta duba inda ta zauna, shi ne dai. Mazaunin butar ma haka. Ba sai na tuna miki ba cewa Alganiyu sunan Allah ne, kuma ko zobe mai irin wannan rubutu cire shi ake yi kafin a shiga bayi. Ga shi an sassaƙa shi a inda ake takawa, ruwan wanka yana bi ta kansa kwana tara. An ce fitowa ta yi ba ta yi alwalar ba, ta ce a kira mata ɗanta.

Ranar Laraba Alhaji ya aiko a kira babanku. Ya dawo ya samo kwaɗo ya rufe zauren, ya sa makullin a aljihu.

Ni kuwa na faɗa wa yaron abin da ya kamata. Na ce masa masassaƙin da ke riƙe da gizago yana ganin kowane harafi kafin ya sare shi, hannunsa ma zai tsaya. Shi kuwa ya danna maɓalli ya koma gefe yana latsa waya, injin yana yanka abin da bai san mene ne ba. Ilimin da bai sa mutum ya tambayi inda aikinsa zai zauna ba, ban san sunan da zan ba shi ba. Ya saurare ni har na gama, kansa a ƙasa. Abin da ya ce kawai shi ne, in zauren zai zauna a rufe, Gbolahan, mutumin da ya sayar masa da injin, ya daɗe yana kiransa aiki a Kwatano.

Wannan ita ce maganar da ta hana ni cin abinci. Babban yayanku ya ce wata shida zai yi a Legas, yau shekara goma sha ɗaya, sau biyu na sa shi a ido. Ke aure ya kai ki. Wannan ne ya rage mini a tsakar gida. Ban yarda da abin da ya yi ba, kuma ba na so ya tafi. Na rasa yadda zan haɗa biyun.

Ki gaishe da maigidanki. Ki ce wa Saratu ina nan da ƙuli-ƙulinta.

Ni ce mahaifiyarki,
Sabuwa.

Bagudo,
Laraba, 14 ga Mayu.

Zuwa ga Mashkura,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya gaba ɗaya, takardarki ta iso hannuna ranar Lahadi, tare da maganin gwiwa. Allah Ya yi albarka. Ina sha, da ɗan sauƙi. An yi ruwan farko shekaranjiya, babanku ya fara zirga-zirgar gona. Ya jikin surukarki? A gaishe ta.

Na karanta abin da kika rubuta sau biyu. Kin ce ai Alhaji da bakinsa ya ce a sa suna, kuma Saifuddeen ya tura wa angon hoto ta waya, angon ya ce ya yi. Ɗiyata, lauya ya kamata ki zama, ba ma’aikaciyar jinya ba. Na bincika. Hoton gidan madubi kaɗai ya tura, shi kuwa a cikin ɗaki ake rataye shi, gefen ƙofar banɗakin, babu laifi a kansa. Da angon ya ce ya yi, sai ƙanenki ya kwafi rubutun nan a kwamfuta ya manna wa sauran shidan, don haka ya saba yi wa Madam Olufunke: a zana suna sau ɗaya, a bi kowane katako da shi. Ya ce mini ko minti biyu bai ɗauke shi ba. To, ga abin da minti biyu ya jawo. Sauƙin aiki ba ya ɗauke wa mutum tunani, wannan shi nake gaya muku tun kuna yara, ku ce na cika faɗa.

Tambayarki ta biyu, wai wa ya ba shi shawarar yin rubutun da Larabci alhali duk aikinsa da boko yake yi, ba zan shiga cikinta yau ba. Na gaji.

Garin kuwa ya ɗauka. Na je Islamiyya ranar Asabar, ina shiga aka yi tsit. Matar da na koya wa haɗa baƙi da kaina ita ce ta matsa mini a tabarma kamar ina ɗauke da cuta. Mutum uku da suka ba da aiki sun aiko a dawo musu da katakonsu. Abin da ya fi ƙona mini rai, wani ya ƙaga cewa da gangan yaron ya yi, wai yawan hulɗa da baƙi ya sa ya daina ganin girman abin. Yaron da ya sauke Alƙur’ani yana shekara goma sha uku! Ita kanta Madam Olufunke ta zo har gida, ta durƙusa ta gaishe ni da Hausarta mai karkacewa. Ta ce Mama, mu ma ba za mu sa sunan Ubangiji a ƙasa mu taka ba, da ya nuna mini da na hana shi. Ta ce aikinta na nan yana jiransa duk ranar da aka buɗe. Ban san lokacin da hawaye ya zo mini ba, na ce hayaƙin murhu ne.

Babanku ya je wurin liman. Liman ya ce tunda ba da niyya ba ne, yaron ya yi istigfari, Allah Mai gafara ne. Amma dole a kankare sunan daga jikin katakon, a tattara abin da aka kankare kada ko kaɗan ya zuba inda ake takawa, a binne shi a wuri mai tsarki. Saifuddeen ya ce injin zai iya, zai sa ya share saman katakon kaɗan-kaɗan har rubutun ya ɓace, a sake gogewa a shafa mai.

Sai dai kayan ba sa hannunmu. Hajiya Kubura ta sa an wanke su, ta naɗe su a farin ƙyalle, ta ɗora a saman kwabarta. Ta rantse hannun yaron nan ba zai ƙara taɓa su ba. Alhaji Arzika kuwa ba ya tsallake maganar uwarsa, kuma ban ga laifinsa ba, haka ya kamata ɗa ya zama. Sau biyu babanku yana zuwa, tsohuwar ta amsa gaisuwarsa ta juya masa baya. Abokin shekara talatin yanzu a ƙofar gida suke rabuwa, ko ruwa ba a kawo masa.

Jiya babanku ya yanke magana. Ya ce in Babbar Salla ta zo ba a gyara wannan abu ba, zai sa a nemo mai sayen injin, yaro kuma ya kama gabansa duk inda ya ga dama. Kin san shi, ba ya faɗa sau biyu. Saura mako uku da ’yan kwanaki.

Ƙanenki ya rame. Da safe ya bi babanku gona, ya dawo ya shige ɗaki. In na aika masa da tuwo, rabi yake dawowa. Na ga ya fito da takardunsa na makaranta yana jera su a jaka. Da ƙarar injin nan ta dame ni har nake toshe kunne da auduga, yanzu shirun gidan ne yake sa mini ciwon kai.

Kada ki zo tukuna, zuwanki ba zai buɗe zaure ba. Ki dai yi mana addu’a.

Mahaifiyarki,
Sabuwa.

Bagudo,
Lahadi, 25 ga Mayu.

Ɗiyata Mashkura,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ku da kyau, da fatan zazzaɓin Saratu ya sauka. Ki riƙa sa mata gidan sauro, ke da kike gaya wa mutane haka a asibiti. Mu muna nan yadda kika sani.

Kin sake maimaita tambayarki, har kin ja layi a ƙarƙashinta. To, ga amsa. Ni ce.

Ranar da yake zana sunayen, na kai masa kunu zaure, na tsaya a bayansa ina kallo. Da boko ya rubuta su. Na ce masa wannan ai kamar allon shagon magani, gidan Alhaji Arzika gidan malamai ne, ya yi musu da Larabci su san ɗan da na haifa ba boko kaɗai ya iya ba. Ya ce Inna, bokon ya fi sauƙin fita a maɗaci. Na ce sauƙi kawai kuka sani. Ya yi dariya ya sauya. Har na gyara masa wani harafi da na ga bai zauna daidai ba.

Ba nan abin ya tsaya ba. Da injin ya gama, ni na shafa wa kayan man da ke hana ruwa shiga katako, don ya ce hannuna ya fi nasa haƙuri. Guda bakwai ɗin nan, ɗaya bayan ɗaya, da tsumma, sau uku-uku. Na bi cikin kowane harafi da ɗan yatsana don man ya shiga. Na riƙe katakon tsayawar nan a cinyata, na san sarai abin da ake yi da shi, na karanta sunan, abin da ya zo mini a rai kawai shi ne matan Bahindi za su tambayi ɗan wace ce ya yi wannan. Ni da na yi shekara ashirin ina koya wa yara addu’ar shiga bayi. Na san ko da boko aka rubuta, sunan Allah sunan Allah ne, laifin yana nan. Amma shi a kwamfuta ya gan shi, ni a hannu na riƙe shi. Duk abin da na gaya masa game da masassaƙi da gizago, ni ya kamata a gaya wa.

Kuma bai faɗa wa kowa ba. Babanku ya tsare shi ya tambaye shi, ya ce shi ya ga dama. Ke kin tambaye shi a waya, ya ce miki haka nan. Na tsaya a kansa na yi masa faɗa na kusan awa guda, yana da abin da zai ce ya rufe mini baki da kalma ɗaya, bai ce ba. Mako uku ina jira ya faɗa don in samu abin yin fushi, ya ƙi.

Shekaranjiya ya roƙi babanku makulli na awa ɗaya, wai damina ta shigo, in ba a shafa wa ƙarafan injin mai ba tsatsa za ta kama su, mai saye ya raina. Na leƙa na same shi yana goge shi a hankali, yana rufe shi da leda. Da ya gan ni sai ya ce Inna, ki matsa kada mai ya ɓata miki zane. Shi ke nan abin da ya ce. Na koma ɗaki na zauna a bakin gado, na daɗe ban iya tashi ba.

Jiya bayan azahar na gaya wa babanku komai. Ya dube ni ya ce, Sabuwa, ke? Na ce ni. Ya ce to me ya hana ki faɗa tun ranar? Mutum ya saba shi ke gyara wa mutane, ranar da gyaran ya zo kansa sai bakinsa ya yi nauyi. Ki riƙe wannan, ke ma uwa ce, kuma na ga alamar kin ɗauko bakina.

Na ce masa zan je Bahindi da ƙafata. Ya ce tsohuwar za ta ci mini mutunci a gaban surukanta. Na ce ta ci, nata ne, ƙafarta ce ta taka. Sai ya ce Ango direba zai kai ni ranar Talata.

Ban gaya wa Saifuddeen zan je ba, ke ma kada ki gaya masa. In ta ƙi, ba na so ya ƙara ɗaukar wani nauyin a kan wanda yake ɗauke da shi. Gbolahan ya sake kiransa, na ji yana cewa bayan Salla.

Ban taɓa rubuta wa ɗana ko ɗiyata irin wannan takarda ba. Ba ina neman ki tausaya mini ba ne. Kin yi tambaya, kuma ni na koya miki cewa wanda aka tambaya ya faɗi gaskiya.

Ki gaishe da mutanen gidan.

Mahaifiyarki,
Sabuwa.

Bagudo,
Talata, 3 ga Yuni.

Zuwa ga ɗiyata Mashkura,

Assalamu alaikum. Da fatan kun wuni lafiya, ya shirye-shiryen Salla? Na ji daɗi da kika ce Saratu ta warware har ta koma makaranta. Ni dai gwiwa ta kumbura saboda hanyar Bahindi, ruwa ya ɓata ta, amma na je na dawo.

Na sami Hajiya Kubura a rumfarta tana tsinar shinkafa, surukanta biyu da amaryar suna gefe. Na so a ba mu wuri, ta ce abin da ya faru ba a ɓoye ya faru ba. Sai na durƙusa a nan na faɗa mata duka, yadda na faɗa miki, ban rage ko man da na shafa ba. Ta bar ni a durƙushe har ta gama tsince farantin. Sannan ta ce, ashe ke ce malamar. Ta ce ita da ta ɗauka yaran zamani ne ba su san komai ba, ashe wadda ta sani ce ta shafa masa mai don ya yi ƙyalli. Ta ce shekararta tamanin da ɗoriya ba ta taɓa shiga bayi da ko takardar laya ba, sai da ta tsufa aka sa ta taka sunan Ubangijinta, wa zai amsa mata wannan? Na ce Hajiya, ni zan amsa. Ta ce ke kin isa? Amaryar tana ta kuka. Ban kare kaina da ko kalma ɗaya ba, don babu ƙarya a cikin abin da ta faɗa.

Da ta huce ta tambaye ni ko gaskiya ne yaron bai taɓa ambata sunana ba. Na ce ko ga ubansa. Sai ta ce za ta ba da kayan, amma ba za ta sake yarda da abin da idonta bai gani ba, da ita za a yi.

Ranar Alhamis Alhaji Arzika ya kawo ta a mota, kayan a cinyarta, ta hana a sa su a but ɗin motar. Babanku ya buɗe zauren da hannunsa. Saifuddeen bai san da zuwansu ba, ya fito daga ɗaki ya gan su ya tsaya kamar an dasa shi. Tsohuwar ta ce masa kai, mai injin, zo ka gyara ɓarnar uwarka. A nan ya san na je. Ya dube ni, ni kuwa na dubi ƙasa.

Ta sa aka share zauren sau biyu, aka shimfiɗa fararen ƙyallaye a ƙarƙashin injin da kewayensa, kowa ya cire takalmi. Aka rufe taga don iska. Ya ɗaure katakon tsayawar, ya yi bisimilla a fili, ya tayar da injin. Wannan karon bai matsa ko taku ɗaya ba. Bakin ƙarfen yana bi layi-layi, yana cin saman katakon kamar kaurin farce, shi kuma yana biye da shi da ɗan burushi yana tara garin. Hajiya ta toshe kunnuwanta da yatsu amma ba ta ɗauke ido ba. Da ya ce rubutun ya fita, ta ce a kawo. Ta shafa da yatsa ta ce tana jin gurbin harafi ɗaya, a ƙara. Ya ƙara. Haka aka yi wa guda shida, tun hantsi har la’asar, ban da gidan madubin da ba ya shiga banɗaki. Ni aka ba aikin kakkaɓe ƙyallayen cikin ƙwarya, da gwiwar nan tawa, kuma ban ce a taimake ni ba. Garin bai fi cikin tafi uku ba. Babanku da Alhaji suka ɗauka tare suka kai bayan masallaci suka binne, suka dawo suna hirar taki.

Huɗu ta yarda a mayar wa amarya. Kujerar da katakon tsayawar ta ce ko an kankare ba za su sake ganin ruwan wanka ba, ta tafi da su ɗakinta. Da za ta shiga mota ta ce wa Saifuddeen hannunsa yana da kyau, saura kansa. Ni ba ta yi mini sallama ba, kuma ban sa rai ba.

Makullin yana hannun ƙanenki yanzu. Na ji shi yana gaya wa Gbolahan a waya cewa ba zai samu zuwa ba, akwai aiki a gida. Aikin dai na Madam Olufunke ne kaɗai, maratayan tawul goma sha biyu. Waɗanda suka karɓe katakonsu ba su dawo ba, wataƙila sai an manta, wataƙila ba za su dawo ba. A Islamiyya yanzu labarina ake yi maimakon nasa, hakan ya fi mini. Tsakanina da shi magana ba ta koma kamar da ba. Yana gaishe ni, yana cinye tuwonsa. Jiya ya miƙo mini tsumma da kwalbar mai, na karɓa.

Na gaji, Mashkura, irin gajiyar da barci ba ya saukewa. In kun samu zuwa Salla, ku taho, amma kada ki zo mini da maganar wa ya yi daidai. Ki gaishe da maigidanki da surukarki, ki shafa mini kan Saratu. Babanku yana sa muku albarka.

Abu na ƙarshe, don ki sani kafin ki iso, kuma ya hau kan kowa har da ni. Daga yau, duk abin da zai shiga banɗaki ba ya fita daga gidan nan da suna a jikinsa, ko na wane ne, ko da wane irin rubutu, ko mai shi ya roƙa. Fure da ganye sun isa. Sauran aiki kuwa, ba a tayar da injin a kan rubutu sai mutum biyu sun karanta shi da baki, sun kuma faɗi a fili inda za a ajiye katakon da abin da zai taɓa shi. Kuma ni ba na cikin biyun.

Mahaifiyarki,
Sabuwa.